Yadda Ake Kyautar da Tsofaffin Wuƙaƙen Daji ga Masu Sha'awarsu

Bayan Babbar Sallar bara na raba wuƙaƙe goma sha ɗaya daga cikin waɗanda na shafe fiye da shekara ashirin ina tarawa a nan Bauchi. Wasu na saye su a hannun 'yan gwangwan da masu kayan gwanjo, wasu tsofaffin mafarauta ne suka ba ni a ƙauyukan Alkaleri da Ningi, biyu kuma na gada. Tun daga lokacin ba a bar ni na huta da tambaya ba. Wannan ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar wuƙaƙe cike da adaka, wancan ya ce tsatsa na cinye nasa kuma 'ya'yansa ba su damu da su ba. Tambayar dai ɗaya ce: ta ina ake farawa? Ga yadda na bi, daki-daki, har da inda na yi kuskure.

1. Ka tabbatar wuƙar taka ce

Idan ta mamaci ce, to gado ce, ko da kuwa ƙotarta ta tsage. Ba ka da ikon kyautar da ita sai magada duka sun yarda, maza da mata. In akwai maraya ƙarami a cikinsu, ba a kyautar da rabonsa: a yi wa wuƙar kuɗi, ka biya, ta zama taka, sannan ka yi yadda kake so da ita. Haka wuƙar da aka ba ka ajiya ko jingina, da wadda ke tafiya da sarautar gida, irin ta gidan Sarkin Baka ko Sarkin Maƙera. Waɗannan sai dai a mayar da su inda suka fito.

In kuma naka ne na kanka, ka raba su tun kana da lafiyarka. Wanda ya bari sai a wasiyya ya sani ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji.

2. Ka baje su, ka karanta su, ka ware

Da rana tsaka ake wannan aiki, a kan buhu ko tsohuwar tabarma, bayan an fitar da yara an tura ƙofa. Ka ɗauki kowace wuƙa ka duba gindin ruwanta, daf da ƙota, domin a nan masana'anta ke buga tambari. In datti ya rufe rubutun, ka shafa ɗigon mai da yatsa ka goge, sannan ka goga alli. Allin zai zauna cikin ramin haruffan su fito.

Tambarin nan shi ke faɗa maka shekarunta. Okapi, mai naɗewar nan da iyayenmu suka sani, an fara yin ta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902, aka mayar da aikinta Afirka ta Kudu a 1988. Saboda haka wadda tambarinta ya ce a Jamus aka yi ta ta girmi wadda ke ɗauke da sunan Afirka ta Kudu. Duk wuƙar da ka ga an buga mata "W. Germany" an yi ta ne kafin haɗewar Jamus a 1990. Opinel ta Faransa, mai alamar hannu da kambi, an ƙara mata zoben kullewa a 1955, amma ƙananan lambobi daga 5 zuwa ƙasa har yau ba su da shi, don haka rashin zobe a kan ƙarama ba shaidar tsufa ba ce. Buck 110 ta Amurka ta fito a 1964. Sunan Sheffield na nuna Ingila, Mora kuma gari ne a Suwidin. Kalmomin "Inox", "Rostfrei" da "Stainless" duk abu ɗaya suke nufi, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Wadda ba ta da ɗayansu ka ɗauke ta a matsayin baƙin ƙarfe mai son mai.

Wuƙar maƙeranmu ba ta da tambari. Shaidarta tana cikin ƙirarta, da zanen da aka yi wa ruwanta, da irin ɗinkin kubenta. Ka kai ta wurin tsohon maƙeri ya duba, kuma ka yi hakan yanzu tun masu ganewa suna raye. Na ga dattijon da ya juya wata wuƙar damtse sau biyu a hannunsa ya faɗi garin da aka ƙera ta.

Kowace wuƙa ka yanka mata ɗan kwali ka rubuta abin da ka sani: inda ka same ta, a hannun wa, wace shekara, da aikin da ta yi. Abin da ka ji a bakin mutane ka rubuta "an ce". Ka ɗauki hotonta gaba da baya da wayarka.

Sai ka kasa su uku. Kashi na farko masu iya aiki, na biyu na ajiya da kallo, na uku waɗanda ba za su fita gidanka a matsayin kyauta ba.

*Gargaɗi:* cikin kashi na uku akwai mai naɗewar da makullinta ya saki, domin wata rana za ta rufe a kan yatsun mai ita. Akwai wadda ruwanta ya tsage a gindi. Akwai gariyo da barandami da duk abin da ba shi da aiki sai sara. Akwai kuma mai tsohuwar ƙotar roba da ta fara tsattsagewa tana warin kafur ko tsami: irin wannan robar tana fitar da iskar da ke sa ƙarfe tsatsa, har ta lalata na kusa da ita, saboda haka ka raba ta da sauran tun yau.

3. Gyara, amma da hannu mai sauƙi

Kayan aikin ba su da yawa: man keken ɗinki, kananzir kaɗan, tsumman auduga, tsohon burushin haƙori, tsinken sakace, sanfefa mai laushi sosai daga lamba 1000 zuwa sama, da tsohon kwabo na jan ƙarfe in kana da shi. Duka a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal za ka haɗa su a fita ɗaya, kuma kwalbar mai guda ta ishi wuƙa ashirin. Wannan matakin ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. Ka ware wa kowace wuƙa yammaci guda.

Tsatsa iri biyu ce, kuma a nan mutane suka fi ɓata kaya. Akwai ja mai gari-gari wadda ke cin ƙarfe, ita ake cirewa. Akwai kuma baƙi-baƙi ko toka-tokan da ke kwanciya lumui a jikin tsohon ƙarfe saboda shekaru na yankan nama da rake da lemo. Wannan rigar wuƙar ce, tana ma taimakawa wajen kare ta, kuma ita mai sha'awa yake fara dubawa. Kada ka taɓa ta.

Ka jiƙa jan tsatsar da mai ka bar ta ta kwana. Da safe ka kankare da gefen kwabon, a hankali. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen wuƙa laushi, shi ya sa yake ɗauke tsatsa ba ya ƙarce ruwan. Abin da ya ƙi fita sai ka bi shi da sanfefa jiƙe da mai, ta fuska ɗaya, a kan wurin kaɗai, kana kewaye tambari. Mai naɗewa kuma ka ɗiga mata kananzir a gaɓa, ka buɗe ka rufe har baƙin ruwa ya daina fitowa, ka sakace cikinta da tsinke, ka goge, sannan ka sa ɗigon mai guda.

*Gargaɗi:* kada ka kai tsohuwar wuƙa wurin mai injin washi. Ni na yi, kuma har yau abin na damuna. Wata wuƙar farauta ce 'yar Solingen mai ƙotar ƙaho, na kai ta kasuwa don a ɗan share mata tsatsa. Ina tsaye mutumin ya danna ta a jikin dutsen injin, tartsatsi na tashi. Kafin in ce "tsaya, Malam" tsinin ya koma shuɗi, rabin tambarin ya tafi. Shuɗin nan alama ce zafi ya kashe taurin ƙarfen, kuma tun daga ranar bakin wurin bai sake riƙe kaifi ba. Shi aikinsa ya yi yadda yake yi wa adda da wuƙar mahauta. Ni ne na kai masa abin da ba na injinsa ba.

Haka nan ka nisanci ruwan batir, da jiƙa wuƙa cikin ruwan tsami ko lemon tsami. Suna cire tsatsa, amma suna tafiya da rigar, su bar ƙarfen fari fat da ƙananan ramuka. Man gyaɗa da manja kuma suna daskarewa su yi danƙo da wari in an daɗe.

Ƙotar itace da ta ƙaho ba a jiƙa su a ruwa. Ka goge da tsumma mai ɗan laima, ta bushe a inuwa, ka murza mata man kaɗe kaɗan da tafin hannu. Koren da ke fitowa a jikin tagulla ka cire shi da tsinke da burushi. In ƙotar na girgiɗi, maƙeri zai matse ƙusoshinta da 'yar guduma, amma ka gaya masa tun farko cewa ba a sa ta a wuta.

4. Washi

Ta ajiya ba a wasa ta. Ta aiki kuwa a kan dutse ake wasa ta, da hannu, da ruwa ko mai. Don samun karkatar da ta dace, ka tsayar da ruwan cak a kan dutsen, ka kwantar da shi rabi, ka sake kwantar da rabin wannan. Hakan ya kai ka wajen digiri 20 da ɗoriya, wanda ya ishi wuƙar daji. Ka ja adadi ɗaya ta kowane gefe, ka ƙarasa a bayan tsohuwar fata. Gwaji da takarda ake yi, ba da babban yatsa ba. In bakin na da ɗan giɓi, ka bar shi ka rubuta a kwalin, domin cire giɓi na nufin cinye ƙarfe mai yawa, kuma wannan shawara ce ta sabon mai ita.

5. Kube

Ba a kyautar da wuƙa tsirara. Wadda kubenta ya ɓace sai ka je wurin dukawa, kuma a nan mafi yawan kuɗinka zai tafi: a rabon da na yi, ɗinkin kube ya fi duk sauran kayan gyaran a haɗe. Ka yi ciniki a kan duka lokaci ɗaya, ya fi sauƙi. Ka zana siffar kowace wuƙa a kan kwali ka yanka ka bar wa baduku, maimakon ka bar masa wuƙar ta yi mako a rumfa. Ka roƙe shi ya sa tsiri na fata a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi, in ba haka ba bakin zai yanke zaren cikin 'yan watanni.

Tsohon kube ko ya yage kada ka yar da shi. Ka shafa masa man kaɗe ka haɗa wa mutumin da shi, tare da sabon.

*Gargaɗi:* fata tana riƙe laima. Wuƙar da ta yi Yuli da Agusta a cikin kube a ƙasan akwati, da kaka za ka zaro ta ja. Hunturu kuma yana busar da fata da itace har su tsage. Ajiya mai tsawo a wajen kube ake yin ta, a shafe da mai, a naɗe cikin takarda.

6. Zaɓen wanda za a ba

Duk matakan baya ana iya koyonsu a mako guda. Wannan shi ne mai nauyi, kuma shi ya ɗauke ni wata uku.

Ba sai an gaya wa ɗan Bauchi abin da 'yan sara-suka suka yi wa unguwanni ba, haka ɗan Gombe da Kalare. Wuƙar da ta fita daga hannunka ta shiga irin wannan hannu, sunanka na biye da ita, a wurin hukuma da wurin Allah. Saboda haka kada ka yi shelar cewa kana rabon wuƙaƙe. Kai za ka nemi mutane, ba su za su neme ka ba. Ka zauna da takarda ka rubuta waɗanda ka sani da son abin nan tun da daɗewa, sannan ka tambayi kanka game da kowanne. Ka san gidansu? Akwai dattijon da zai tsaya masa? Yana da wurin ajiya mai makulli, ko yara na shiga ɗakinsa yadda suka so? Yaya fushinsa yake? Wanda ke shaye-shaye, da wanda ke cikin rigimar gona ko ta aure da ba ta mutu ba, da wanda ka ga damuwa ta yi masa yawa har yana furta maganganun da ba su da daɗi game da ransa, duk ka jingine sunayensu, ko da 'yan'uwanka ne. Lokacin yaƙin neman zaɓe kuma ka dakatar da rabon gaba ɗaya sai ƙura ta lafa.

Mai sha'awa na gaskiya ba ya ɓuya. Ka ajiye wuƙa a gabansa ka yi shiru. Zai nemi izini kafin ya ɗauka, zai juya ta ya nemi tambari, zai goge wurin da yatsunsa suka taɓa kafin ya mayar. Wani kuwa abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne, "Nawa za ta yi yanzu?" Wani ya zare ta ya hau kaɗa ta a iska. Waɗannan biyun sun ba ka amsa.

Bayan haka sai dacewa. Doguwa mai kauri ta mafarauci ce ko makiyayi. Siririya mai lanƙwasa ta dace da mai fiɗa. Ƙarama mai naɗewa ta manomi ce ko mai lambu. Mai tarihi da ba ta da sauran ƙarfin aiki ka ba wanda ke tarawa yana rubutawa. Kada kuma ka manta da mata. Okapin mahaifinmu na riga na sa mata sunan wani abokina a takarda, sai ƙanwata ta gan ta a kan tabarma. Ta ɗauka ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaya, ai da wannan Baba yake fere mana rake a zaure." Ban taɓa tunanin tambayarta ba. A wurinta take yanzu.

Matashin da bai mallaki hankalin kansa ba, ko yana da kirki, ta hannun mahaifinsa ake bi. Wani yaron unguwarmu mai son ƙira ya yi ta zarya yana roƙo, na ce masa, "Ɗana, ka bari sai na ga babanka." Mahaifin ya zo, muka yi magana, wuƙar tana wurinsa har yaron ya girma. In mutum biyu da ka amince da su suna son guda ɗaya, ka yi ƙuri'a a gabansu. In kuma cikin 'ya'yanka za ka ba wani, ka tanadar wa sauran abin da ya yi daidai da ita.

7. Miƙawa

A gida ake yi, da rana, a gaban mutum ɗaya ko biyu. Ba a majalisa ba, ba a ƙofar masallaci ba. Hadisi ya hana miƙa takobi a zare, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, don haka wuƙar na cikin kubenta, ƙota ta fuskanci mai karɓa, ko ka ajiye ta a kan tabarma ya ɗauka da kansa. Ka faɗa da baki cewa kyauta ce, don kada gobe magadanka su ce aro ne. Ka gaya masa an wasa ta. Ka nuna masa yadda makullin ke aiki da duk wani aibi da ka sani, sannan ka miƙa masa kwalin tarihinta da tsohon kuben.

Ɗaya daga cikin nawa na mayar da ita ne gidan da ta fito. Tsohon mafaraucin da ya ba ni ita ya rasu, ƙanensa na nan da rai. Na durƙusa na ce, "Baba, ga ta ta dawo gida." Ya zare ta kaɗan, ya ga inda yayansa ya ɗaure ƙotar da tsirkiya, ya mayar, ya yi shiru. Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Za ka ji wasu na cewa dole mai karɓa ya ba da ɗan kwabo don kada wuƙa ta yanke zumunci. Camfin Turawa ne, ba ka buƙatarsa. Kada kuma ka aiki yaro da wuƙa don ya samu tukwici.

8. In sai an aika

Wanda ke Gombe ko Azare ko Misau, in za ka iya jira har ya zo ko ka je, ya fi. In ba hali, ka shafe ruwan da mai, ka naɗe da takarda, ka ninka kwali mai kauri a kan tsinin da bakin ka ɗaure da salatif sosai, domin tsini yana huda jaka ya huda mutum. Kuben a gefe, duka a cikin ƙaramin kwali. Ka sa takarda a ciki mai sunanka da na mai karɓa da bayanin cewa tsohuwar wuƙa ce ta kyauta.

Ka je tasha da kanka, ka gaya wa direba da ɗan kamasho ainihin abin da ke ciki. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma zalunci ne ka bar bawan Allah ya amsa tambaya a kan kayan da bai san da su ba. In ya ƙi ɗauka kada ka matsa. Ka riƙe lambar motar, mai karɓa kuma ya tsaya a tasha kafin ta iso. Kuɗin saƙo kai za ka biya, tunda kyauta ce.

*Gargaɗi:* ɗaya ko biyu ake aikawa a lokaci guda. Damin wuƙaƙe a but ɗin mota ba shi da bayanin da zai gamsar da jami'in tsaro. A jirgin sama wuƙa ba ta shiga jakar hannu, sai cikin kayan da ake aunawa. Mai ƙotar hauren giwa kuwa kada ka yi ƙoƙarin fitar da ita ƙasar waje: yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun matakin da aka ɗauka a 1989, kuma mu da giwayen Yankari ke jiharmu mun fi kowa sanin dalili.

9. Bayan ta tafi

Ta zama tasa. In ya canza mata ƙota, ko ya goge rigar da ka yi ta lallaɓawa, ko ya ba wani, za ka ji zafi, amma ba ka da ta cewa. Hadisi ya kamanta mai karɓe kyautarsa da karen da ke komawa ga amansa. In kana da wani buri, kamar a ce kada a sayar da ita, ka faɗe shi a matsayin roƙo ranar miƙawa, ka bar shi nan.

Ka buɗe ɗan littafi ka rubuta kowace wuƙa, wanda aka ba, rana, da shaidun da ke wurin, hotunan kuma ka adana su. Zai yi maka amfani in wata ta ɓace ko aka zo da tambaya. Ni nawa yana da wani amfanin kuma. Idan hadarin farko ya fara haɗuwa a watan Mayu, nakan buɗe shi in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a waya, mu gaisa, in tuna wa kowa ya zare tasa daga kube ya shafa mata mai.